Tuba a Rayuwar Kirista ta Yau da Kullum

  

Batun laccar yau shi ne tuba: abin da ake nufi idan an ce mutum ya juyo ga Almasihu, da yadda wannan juyowa take bayyana daga Litinin zuwa Asabar, a kasuwa da ofis da gona da tsakar gida. A majami'u da yawa an fi sanin tuba a lokacin taron farkawa. Mai wa'azi ya yi kira, mutum ya ɗaga hannu, ya fito gaba, a yi masa addu'a, a rubuta sunansa a sa shi ajin baftisma. Wannan abu ne mai daraja, ba abin rainawa ba. Amma bayan taro ya watse, kowa ya koma gida, me ya sauya? Za a bi wannan tambaya ta fuskoki bakwai.

Na ɗaya: abin da tuba ta ƙunsa

A koyarwar Kirista tuba tana da sassa uku da ba sa rabuwa. Mutum ya gane laifinsa ya kira shi da sunansa. Ya furta shi ga Allah, da kuma ga wanda ya cuta. Sannan ya bar hanyar da yake bi ya kama wata. Idan ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba sa tsayawa.

Dawuda misali ne na sashe na farko. A 2 Sama'ila sura 12 annabi Natan ya ba shi labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani matalauci. Dawuda ya fusata, ya yanke wa attajirin hukunci, bai san kansa yake yanke wa ba. Da Natan ya nuna masa cewa shi ne, bai kawo uzuri ba, bai ɗora wa Shaiɗan ba, bai ce wani ne ya jawo ba. Ya amsa cewa ya yi zunubi. Mutum nawa ne yau suke iya amsa laifi ba tare da sun liƙa masa "amma" a ƙarshe ba?

Nadama kaɗai kuwa ba ta kai tuba ba. A dare ɗaya Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, Yahuza kuma ya bashe shi. Dukansu biyu sun ji zafin abin da suka yi, har Yahuza ya mayar da kuɗin azurfa 30 da aka ba shi. Amma baƙin cikinsa ya kai shi ga hallaka kansa, na Bitrus kuwa ya mayar da shi wurin Yesu. Wannan bambanci ne Bulus ya bayyana a 2 Korantiyawa sura 7, tsakanin baƙin cikin da ke kai wa ga ceto da wanda ke kai wa ga mutuwa. Mai nadama kawai yana kallon kansa da kunyar da ya sha. Mai tuba yana kallon Allah da mutumin da ya ɓata wa.

Akwai kuma abin da ya zama tushe: Kirista ba ya sayen gafara da tubarsa. Alherin Allah ne ke fara zuwa, tuba ta biyo baya a matsayin amsa. A misalin ɗan da ya ɓace, a Luka sura 15, uban ya hango yaron tun daga nesa, ya sheƙa ya rungume shi kafin yaron ya buɗe baki da jawabin da ya shirya.

Na biyu: ranar juyowa da tubar kullum

Ba hanya ɗaya Allah yake bi da kowa ba. Shawulu, wato Bulus, ya faɗi ƙasa a hanyar Dimashƙu, ya makance kwana uku, ya tashi wani mutum dabam. Timoti kuwa ya taso ne a hannun kakarsa Loyis da mahaifiyarsa, ya san Nassi tun yana yaro, ba a ba da labarin wata rana da ya ga haske ba. Agustin, wanda ya zama bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, ya shafe shekaru yana kai da komo, mahaifiyarsa Monika tana masa addu'a, kafin ya juyo a birnin Milan a shekara ta 386, aka yi masa baftisma a 387. Don haka wanda aka haifa a gidan Kirista, kuma ba ya iya faɗin ranar da ya karɓi Yesu, kada ya ɗauka ya gaza wanda ke da labari mai girgiza jiki. Wanda ke da irin wannan labarin shi ma kada ya ɗauka aiki ya ƙare.

Manomi ya san wannan. Shuka sau ɗaya ake yi, amma bayanta sai noman firi, sai maimai, sai cirar ciyawar da ta sake tsirowa. Wanda ya shuka ya tafi ya kwanta, da kaka ciyawa zai tarar. Juyowa ga Almasihu ita ce shukar, tubar kullum ita ce noman.

Dukan manyan rassan ikkilisiya sun yarda da wannan, kowanne da tsarinsa. A shekara ta 1215 babban taron Lateran na huɗu ya wajabta wa kowane ɗan Katolika ya furta zunubansa a gaban limami aƙalla sau ɗaya a shekara. A 1517 Martin Luther ya buɗe batutuwansa 95 da cewa dukan rayuwar mai bi tuba ce. Azumin kwana 40 kafin Ista, wanda ke farawa da Larabar Toka, lokaci ne da aka keɓe don binciken kai. Addu'ar Ubangiji ma ta haɗa roƙon gafara da roƙon abincin yini, wato abu ne na kowace rana.

Tarihin John Newton na Ingila ya nuna dalilin haka. Ya fara juyowa ga Allah a 1748, lokacin da guguwa ta kusa nutsar da jirgin ruwan da yake ciki. Duk da haka ya ci gaba da fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, har ya zama kyaftin, bai bari ba sai a 1754, kuma rashin lafiya ce ta tsayar da shi. Sai a 1788 ya fito fili ya rubuta bayanin muguntar sana'ar tare da amsa laifinsa, ya kuma mara wa masu yaƙi da ita baya, har majalisar Birtaniya ta haramta cinikin a 1807, shekarar da ya rasu. Shekara 40 tsakanin guguwar da wannan furci! Jama'a, idan mutum zai iya karanta Nassi a saman jirgi alhali 'yan Adam suna ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafafunsa, wane abu ne mai bi na yau yake takawa bai gani ba, don kawai kowa a garinsu yana yi?

Na uku: tuba a kasuwa da wurin aiki

Da jama'a suka tambayi Yahaya Maibaftisma abin da za su yi, a Luka sura 3, amsar da ya bayar ta shafi riga da abinci da kuɗi. Mai riga biyu ya ba marar ita ɗaya. Masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade. Sojoji kada su yi ƙwace ko ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Bai ce wa ko ɗaya ya ajiye aikinsa ba. Ya ce su yi aikin da gaskiya.

A duba mai sayar da hatsi. Yana da mudu biyu a rumfa, ɗaya cikakke da yake saye da shi daga hannun manoma, ɗaya kuma an buga gindinsa ya shige ciki, da shi yake auna wa masu saye. Bambancin bai fi tafin hannu ɗaya na masara ba, mai saye ba zai lura ba. Ranar Lahadi wannan mutum yana fitar da ushirinsa, yana cikin ƙungiyar mawaƙa. Littafin Karin Magana sura 11 da annabi Amos sura 8 sun yi magana kai tsaye a kan ma'aunin zamba. Tubar wannan mutum tana nan a rumfarsa: ranar da ya fasa bugaggen mudun ya auna wa kowa da guda ɗaya, ranar ce wa'azi ya kai inda aka aike shi. Zai yi asarar riba? Ƙwarai kuwa. Tubar da ba ta taɓa aljihu ba, a irin wannan hali, ba ta taɓa zuciya ba.

Haka tela da ya karɓi ɗinkin Kirsimeti fiye da ƙarfinsa, yana ta cewa a dawo gobe alhali ko yanka yadin bai yi ba. Haka makanike da ya karɓi kuɗin sabon kaya ya ɗaura tsoho. Haka ma'aikacin da ke sa hannu a rajista ƙarfe takwas ya ɓace sai la'asar, da wanda ke riƙe fayil sai an ba shi na goro, da malamin da ke sayar da maki, da mai algus a man gyaɗa. Bulus ya gaya wa Afisawa, a sura 4, cewa ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa, har ya sami abin ba mabukaci. Mataki uku ke nan, kuma na ukun ne ke nuna sauyin ya cika, domin hannun da ya saba ɗauka ya koyi bayarwa.

Na huɗu: mayar da haƙƙi

Nan ne tuba ta fi nauyi, nan ne kuma aka fi tsallakewa. Daina cuta abu ɗaya ne, amma abin da aka riga aka ci fa?

Shari'ar Musa ba ta bar wannan a duhu ba. Littafin Firistoci sura 6 ya ce wanda ya ci amanar ajiya, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci abu ya musa, zai mayar da shi cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, sannan ya kawo hadayarsa. Wato wanda ya danne naira 50,000 zai biya 60,000. Yesu ya ƙarfafa wannan tsari a Matiyu sura 5: mai miƙa baiko da ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon, ya je su shirya tukuna. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, ya zarce abin da aka nema. Bayan Yesu ya sauka a gidansa, ya tashi a gaban mutane ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zambata ninki huɗu. Mutanen Yariko ba su buƙaci wani ya gaya musu cewa Zakka ya tuba ba, domin kuɗinsu ya dawo hannunsu.

An ga irin wannan a Afirka. Farkawar da ta tashi a Gahini ta ƙasar Ruwanda a shekarun 1930, ta bazu zuwa Uganda da Kenya da Tanganyika, an san ta da furta zunubi a fili da mayar da kayan mutane. Masu tuba sun riƙa kai kuɗi da kayan aikin da suka sata ga iyayen gidansu, suna biyan bashin da aka daɗe da mantawa. Abin da ya sa waɗanda ba sa zuwa majami'a ma suka yarda wani abu ya faru ke nan.

A yau mayar da haƙƙi na iya zama biyan zubin adashin da aka gudu da shi bayan an kwashi kaso. Yana iya zama mayar da iyakar gona inda take, bayan an shekara ana tura gamba taku ɗaya kowace damina cikin gonar marayu. Yana iya zama ba gwauruwa da 'ya'yanta gadon da 'yan'uwan miji suka danne. Idan mai haƙƙin ya rasu, magadansa suna nan. Idan ba a san inda yake ba, a nemi shawarar dattawa a ba mabukata. Idan kuɗin ya fi ƙarfi, a je a amsa bashin a biya kaɗan-kaɗan. A nan akwai buƙatar hikima: wani furcin, idan aka yi shi a bainar jama'a, zai tona asirin wanda bai ji ba bai gani ba, ko ya rusa wani gida. Ƙa'idar da ta dace ita ce furci ya kai iyakar inda laifin ya kai. Na ɓoye a gaban Allah da amintaccen mai ba da shawara, wanda ya shafi mutum ɗaya a gabansa, wanda aka yi a fili kuma a gyara shi a fili.

Na biyar: tuba a cikin gida da kan harshe

Mutum yana iya ɓoye halinsa ga ikkilisiya shekara da shekaru, amma ba ya iya ɓoye wa matarsa da 'ya'yansa. Su ne shaidun farko. Magidancin da ke jagorantar addu'ar asuba a majami'a, ya dawo gida yana duka da zagi, ko ya hana kuɗin cefane ya kai gidan burkutu, me 'ya'yansa za su ɗauka game da Allahn da yake kira Uba?

Al'ada ta sa yana wa babba wuya ya ba ƙarami haƙuri. Ana ganin girma zai zube idan uba ya ce wa ɗansa ya yafe masa, ko uwar miji ta ce wa surukarta ta yi kuskure. Amma yaron da ya taɓa jin mahaifinsa ya ce, "Na yi maka ba daidai ba, ka gafarce ni," ya koyi darasin tuba da ba zai samu a makarantar Lahadi ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Shi ya sa Bulus ya shawarci masu bi kada su bar fushi ya kwana.

Wasiƙar Yakubu sura 3 ta yi dogon gargaɗi a kan harshe, cewa da shi ake yabon Allah, da shi kuma ake la'antar mutum. Gulma takan shigo majami'a da sunan roƙon addu'a: "A sa wance cikin addu'a, ba ku ji abin da ya faru ba?" Yanzu kuma yatsa ya zama harshe na biyu. Wanda ya tura labarin ƙarya a WhatsApp ya ɓata sunan wani, ko ya tayar da hankalin gari, share saƙon bai wadatar ba. Ya koma inda ya tura ya ce ƙarya ce.

Na shida: tuba daga ƙiyayya

A garuruwan da suka ga rikici, akwai zunubin da ba a cika kira zunubi ba, domin yana sanye da rigar kishin addini. Mutumin da aka ƙona wa gida ko aka kashe wa ɗan'uwa, ciwonsa na gaske ne, kuma neman shari'a haƙƙinsa ne. Gafara ba ta soke hukuncin kotu. Amma riƙon da ke sa mutum ya tsani dukan masu wani addini ko wata ƙabila, har ya koya wa 'ya'yansa, wannan yana buƙatar tuba.

Fasto James Wuye na Kaduna ya jagoranci matasan Kirista a wani faɗan addini na 1992, inda ya rasa hannunsa na dama. Imam Muhammad Ashafa, a ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanta tsakanin addinai. Wuye ya sha faɗa a fili cewa ko bayan sun fara aiki tare, ya daɗe yana ɗauke da niyyar ramuwa, sai da wani abokin aikinsa na bishara ya tunatar da shi cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a zuciya. Ga mutum Kirista, mai hidima, amma yana da sauran tubar da zai yi, kuma ya yi ta. Hannun bai dawo ba, amma al'ummomi da dama sun ci moriyar aikin sulhun da mutanen biyu suka yi.

Na bakwai: ikkilisiya da mai tuba

Mutum ba ya tuba shi kaɗai, a cikin jama'a yake yi, kuma halin jama'ar na iya sauƙaƙa masa ko ya toshe masa hanya. Ikkilisiyoyi da yawa suna da tsarin horo: a dakatar da mai laifi daga jibin Ubangiji da riƙe muƙami na wani lokaci. Tushensa yana cikin Matiyu sura 18, inda aka fara da magana tsakanin mutum biyu, sai a ƙara shaidu, sai a ƙarshe a kai gaban ikkilisiya. Manufarsa a dawo da ɗan'uwa. Da Korantiyawa suka hori wani ya kuma tuba, Bulus ya umarce su su yafe masa su ƙarfafa shi, don kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Abu biyu ke ɓata horo. Na farko son kai: yarinyar da ta yi ciki a sanar da sunanta daga bagade, wanda ya yi mata kuwa yana zaune a kujerar gaba, talaka a hore shi, attajirin da ya sayi kwanon rufin majami'a a kawar da kai. Na biyu rashin mantuwa: wa'adin horo ya ƙare, an karɓi mutum, amma bayan shekara goma ana nuna shi da baki. Ana cewa hali zanen dutse. Idan haka ne babu sauyi, to me ake wa'azi? Bitrus da ya yi musu sau uku, shi ne Yesu ya damƙa wa kiwon tumakinsa a Yahaya sura 21. Hananiya da ya ji tsoron Shawulu, ya je ya ɗora masa hannu ya kira shi ɗan'uwa.

Wanda ya tuba ya sake faɗuwa kuma, kada kunya ta hana shi dawowa. Mashayi na iya bari ya koma ya sake bari. Abin da ake dubawa shi ne ko yana yaƙi da abin ko ya shirya da shi, ko ya rabu da majalisar da ke jansa, ko ya sami amintaccen mutum da zai riƙa tambayarsa gaskiya. Alkawarin 1 Yahaya sura 1, na gafara ga mai furta zunubinsa, ba a ɗaure shi da adadi ba.

Taƙaitawa

Juyowa ga Almasihu amsa ce ga alherin da ya riga ya zo, kuma tana ci gaba muddin rai. Ana gane ta a ma'auni, a biyan haƙƙi, a tsakar gida, a harshe, a zama da maƙwabci na wani addini, da kuma yadda ikkilisiya ke karɓar wanda ya dawo. Aikin da ke gaban kowane mai sauraro bai wuce ya zaɓi abu ɗaya cikin waɗannan, wanda zuciyarsa ta riga ta nuna masa, ya gyara shi cikin wannan mako ba.